Na Yi Wa Yara Alkawarin Abuja, Amma Hutuna Asabar Da Lahadi Ne Kawai

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Sakkwato, ina da ɗiya uku: babbar shekararta 12, mai bi mata 9, autan 5. Tun farkon zango na yi musu alkawarin in sun yi ƙoƙari a jarrabawa zan kai su Abuja su ga gidan namun daji, da Dutsen Zuma, da Masallacin Ƙasa, da gidan tarihi. Allah Ya sa sun yi ƙoƙarin. Shirina shi ne mu tashi a motata ranar Juma'a in an sauko masallaci, mu yi yawo Asabar, mu dawo Lahadi, don Litinin ina da aiki. Maiɗakina ta ce sam, hanya ba ta da kyau, kuɗin ma ba su kai ba, a fasa a kai su Hubbaren Shehu kawai. Yaran sun ji, na tsakiyan har ya rage yi mini magana. Ba na son in zama uban da ke faɗa ba ya cikawa. Mi ya kamata in yi?

Wani uba daga Mabera

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi wa yaran albarka, Ya ƙara musu basira.

Abin da ya fi gaggawa shi za mu fara faɗa maka: kada ka ɗauki hanyar nan ranar Juma'a da rana. Uwargida ta yi gaskiya a kan hanya, kuma ka gaya mata haka da bakinka. Inda ba mu goyi bayanta ba shi ne batun fasawa. Alkawari kaya ne, kuma yaran sun sauke nasu. Lokacin tafiyar da tsawonta ne za a canja.

Daga Sakkwato zuwa Abuja, ta Gusau da Funtuwa da Zariya da Kaduna, ya haura kilomita 650. Direban haya da ba ya tsayawa sai shan mai yakan ci awa tara zuwa goma. Kai kuwa da yara uku za ka tsaya fitsari, ka tsaya salla, ka tsaya don wani ya ji amai, ga shingayen jami'an tsaro, ga wuraren da ake aikin hanya. Ka ɗauka awa goma sha ɗaya ko sha biyu. In ka tashi ƙarfe uku na rana, magariba za ta riske ka wajen Gusau, sauran tafiyar duk cikin dare. Ba sai mun yi wa mutumin Sakkwato bayanin abin da ya sa ba a bin hanyar Zamfara da dare da iyali ba. Ko da an isa lafiya, za ka wayi gari Asabar ba ka yi barci ba, yara sun galabaita, ka ja su wuri huɗu a rana ɗaya, sannan ka sake zama bayan sitiyari Lahadi. Direban da bai yi barci ba shi kansa haɗari ne. Juma'a zuwa Lahadi tana yiwuwa ne kawai ta jirgin sama, daga filin jirgi na Sultan Abubakar III, tafiyar kimanin awa ɗaya. Amma kujera biyar ce zuwa da dawowa, domin duk yaron da ya kai shekara biyu sai an saya masa tasa, kuma tunda ka ce kuɗin ba su kai ba, mu bar wannan.

Abin da muke ba ka shawara shi ne kwana biyar cikin hutun makaranta. Ka nemi hutun kwana uku a wurin aiki, Alhamis da Juma'a da Litinin, ka haɗa da ƙarshen mako. Sannan ka tsayar da rana. Yaro ba ya jin zafin ɗage tafiya kamar yadda yake jin zafin "sai wani lokaci", don ya san ma'anarta. Ka tara su bayan isha'i, uwarsu na zaune, ka buɗe taswira a waya ka nuna musu nisan. Ka ba babbar biro ta yi lissafin awowin da kanta. Ka zagaye ranar a kalanda, ka rataye inda kowa ke gani, ka ajiye asusu a gabansu ka jefa kuɗin farko. Na tsakiyan nan da ya yi fushi, ka kira shi shi kaɗai ka ce masa ka yi kuskuren lissafi, ba ka manta ba, kuma shi ne zai riƙa ƙidaya kwanakin. Kada a bar yara su ɗauka uwarsu ce ta hana su tafiya. Shawarar ta fito daga bakinka.

Wajen zaɓen ranar, ka guji hutun salla da ƙarshen Disamba, lokacin da wuraren shaƙatawa ke cika maƙil, kuɗin masauki ya hau. In damina ce, ka sani ruwan Abuja ya fi namu yawa da daɗewa, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma yakan sauko da yamma, sai a yi yawon waje da safe.

Alhamis ku tashi da zarar gari ya waye, bayan ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan safiyar, don su ne ke da labarin jiya da na yau. Ku kwana Kaduna, ku shiga kafin la'asar ta yi sanyi. Kaduna ba zangon kwana kaɗai ba ce a wannan tsari. Abuja sabon gari ne: a Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina ta, kuma sai ranar 12 ga Disamba 1991 aka mayar da mazaunin gwamnati can daga Legas. Gine-gine da tituna take da su, amma gidan tarihin da ka yi wa yara alkawari a Kaduna za su fi samunsa. Juma'a da safe, ranar aiki ce, ku je Arewa House da ke kan titin Rabah, a harabar gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna yana Firimiyan Arewa, inda kuma aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. Akwai hotuna da takardu da wasu kayan da ya yi amfani da su. Ga yaran Sakkwato wannan ba baƙon labari ba ne. Ka nuna musu sunan titin, ka ce musu Rabah ɗin da suka sani ce, can aka haife shi. In lokaci ya rage, gidan tarihi na ƙasa yana kan titin Ali Akilu. Awa ɗaya da rabi ta isa a kowane gidan tarihi. Ɗan shekara biyar ba ya jure fiye da minti arba'in a ɗakin da aka hana shi taɓa komai, saboda haka ku raba aiki: uwar ta fita da shi inuwa, kai ka ci gaba da manyan. Ku yi Juma'a a Masallacin Sultan Bello, ku kama hanya.

Kaduna zuwa Abuja kusan kilomita 190 ne, ka ware awa uku ko fiye saboda cunkoso. Amfanin zuwa da mota shi ne Dutsen Zuma yana bakin hanyar, kusa da Madalla, a cikin jihar Neja, kafin a shiga Abuja. Ka samo takardar naira 100 irin mai hoton dutsen a baya, ka ba autan ya riƙe ya kwatanta. Ka sauka daga kan kwalta sosai kafin ka tsaya, yara su fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, don manyan motoci a guje suke wucewa. Minti goma sha biyar sun isa su nemi siffar fuskar mutum da ake gani a jikin dutsen, a ɗauki hoto. In kuwa ka fi son ajiye motar a Kaduna, akwai jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa da Idu tun 2016. Ana sayen tikiti ta intanet, kujeru kan ƙare da wuri a ƙarshen mako, kuma ku riƙe katin shaida. Yara da yawa jirgin ƙasan ya fi burge su a kan duk abin da za su gani.

In akwai ɗan'uwa a Abuja, ka sanar da shi mako biyu kafin zuwa, ka riƙa masa tsaraba, kilishi ko albasa ko abin da ya sawwaƙa. In masauki ne, na Kubwa ya fi na Wuse da Maitama sauƙi. Ka tambaya tun a waya ko ɗaki ɗaya zai ɗauki mutum biyar, da ko akwai wuta da dare.

Asabar ita ce ranar gidan namun daji, kuma a nan ne iyaye suka fi yin kuskure. Gidan yana Asokoro, a gindin Dutsen Aso, haɗe da filin wasan yara. Ku isa da an buɗe ƙofa. Dabba ma zafi take ji: da hantsi tana yawo tana cin abinci, da rana ta take sai ta shige lungu ta kwanta, yaro ya tsaya gaban keji yana kallon ƙarfe. Wanda ya zo ƙarfe ɗaya shi ke komawa yana cewa babu komai a ciki. Kada ka yi wa yara alkawarin wata dabba takamaimai, zaki ko giwa, domin dabbobin irin waɗannan gidaje suna canjawa, wata ta mutu, wata a mayar da ita wani wuri. Ka ce musu za a je a ƙidaya abin da aka samu. Ka ba manyan biyu littafi da fensir, kowa ya rubuta sunan dabbar da Hausa, da abin da take ci, da abin da take yi lokacin da suka same ta.

Ku fara da dabbobin kafin lilo. In yaro ya hau lilo da farko, ba za ka iya sauko da shi ba sai da kuka.

Dokoki uku za ka faɗa musu tun a mota, ka sa su maimaita. Ba a zura hannu a keji. Ba a ba dabba abinci. Ba a jifa. Biri yana da saurin hannu fiye da yadda yaro ke zato. Yana ganin biskit ko leda mai ƙara sai ya zuro hannu ta tsakanin waya ya fizge, kuma yakan haɗa da yatsa ko gefen hijabi. Jimina tana son abu mai ƙyalli, ɗan kunne, agogo, gilashin ido, ga wuyanta dogo, tana iya kai sara ta saman shinge, sai a tsaya taku biyu baya. Shi kuwa kada yakan kwanta baki buɗe ba motsi kamar gunki, yana rage zafin jikinsa ne. Wannan shi ke sa yara su jefe shi don ya motsa, wani uban ma har ya ɗaga ƙaramin ya ɗora shi kan katanga don ya gani da kyau. Kada ka yi. Ka goya shi a kafaɗa daga nesa. In tsautsayi ya sa biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, a wuce asibiti a ranar don allurar rigakafin ciwon haukan kare, ko da ciwon ƙarami ne. Da an fito kuma kowa ya wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Guntun sabulu a leda ya isa.

Awa biyu zuwa biyu da rabi, ku fito. Azahar ku yi ta a Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiya huɗu. Asabar ba cunkoso irin na Juma'a, yara za su samu damar ɗaga kai su kalli cikin ƙubbar. Takalma a sa su a leda ɗaya a riƙe. Daga harabar ana hango babbar majami'ar ƙasa, kuma dama ce ta yi wa babbar bayanin yadda aka tsara birnin don ya zama na kowa. Daga nan a koma masauki a kwanta. Wannan hutun na rana kada a tsallake shi, shi ke hana rigimar yamma. Bayan la'asar sai Millennium Park a Maitama, lambun da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003. Ku shimfiɗa tabarma, yara su yi gudu a ciyawa, ku bar wurin kafin duhu.

Lahadi da safe tituna fayau suke. Ku zaga da mota ta Dandalin Eagle, inda ake rantsar da shugaban ƙasa, ku hangi Majalisar Dokoki da Dutsen Aso a bayanta. A wannan yanki kada a tsaya inda ba a ce a tsaya ba, kada kuma a ɗaga waya ana ɗaukar shingen sojoji ko ƙofar wani ginin gwamnati, don ana iya karɓe wayar a tsare ku da tambayoyi. Kafin azahar ku kama hanyar Kaduna ko Zariya ku kwana, Litinin da sassafe sai gida. In ba da motarka ka shiga Abuja ba, ka sani babu kabu-kabun babur a tsakiyar birnin. Ka kira mota ta Bolt, ko ka yi jinga da direba ɗaya wanda mai masaukinka ya sani na yini guda. Kada ku tari motar da ba ku sani ba a bakin titi, musamman mai fasinjoji a ciki, saboda masu fashi a mota da ake kira wan-cans.

Batun kuɗi, mai ne babba. Zuwa da dawowa da yawon cikin gari zai kai kilomita 1,400 ko fiye. Ƙaramar mota mai lodi tana shan lita 9 zuwa 10 a kowane kilomita 100, ka ga wajen lita 130 zuwa 140 ke nan. Ka ninka da farashin lita na ranar. Ka ƙara kwana huɗu na masauki, abincin mutum biyar, kuɗin shiga, sannan ka ɗora kashi ɗaya bisa biyar na jimlar don abin da ba a zata ba. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don a bakin ƙofa sabis yakan ɗauke a kasa tura kuɗi.

Motar a kai ta wurin makanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in gyaran ya bar wata matsala ta bayyana a cikin gari. A duba birki, fanbel, ruwan lagireto, a juye baƙin mai. Taya kuwa ka duba da idonka: a gefenta akwai lamba huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wadda ta haura shekara biyar, ko zanenta na nan, robar ta bushe, kuma irinta ce ke fashewa a kwalta mai zafi. A sa wa safaya iska, a gwada jak. Ruwan sha a lissafa lita biyu ga kowane mutum a yini. Guzuri ya zama busasshe, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, burodi. Damammiyar fura in ta yini a mota tana tsami ta ɓata ciki. A riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis guda huɗu ko biyar saboda gudawa. Kowace safiya ka ɗauki yaran hoto da kayan da ke jikinsu, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun autan.

Yanzu sai wannan Asabar ɗin da ke tafe. Shawarar uwargida ta zuwa Hubbare mai kyau ce, in dai ba a ce wa yara ita ce madadin Abuja ba. A kira ta somin taɓi. Kuma kada a yi ta da kasala, don Sakkwato ma babban birni ce, ta riga Abuja zama cibiyar mulki da kusan shekara ɗari biyu. Muhammadu Bello ya kafa ta a 1809, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a cikinta a 1817. Mutane na tahowa daga Nijar da Kamaru da Sudan don ziyarar wurin da ɗiyanka ke wucewa ta kusa da shi a bayan mota.

Ku fita ƙarfe bakwai da rabi, ku gama kafin sha ɗaya saboda rana. Daren Juma'a ka ba su labarin a taƙaice: Degel, hijira zuwa Gudu a 1804, Tabkin Kwatto, faɗuwar Alƙalawa a 1808. Suna huɗu kacal, kada ka cika su. A Hubbare a cire takalma, a sassauta murya, a yi sallama ga mamata a yi musu addu'a, a bi abin da masu kula da wurin suka ce. Ka riƙe canji don sadaka, ka bayar da hannunka a wajen fita, don in yaro ya fara rabawa za a yanyame shi ya tsorata. Babbar ka ba ta labarin Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara 'yan taru da jagororinsu mata da ake kira jaji, masu kai karatu ga matan ƙauyuka. Ita ma a nan take kwance. Daga nan Masallacin Shehu, sai Kanwuri su ga ƙofar fadar Sarkin Musulmi da dogarai da jajayen riguna, ka gaya musu Sultan Muhammadu Sa'ad Abubakar shi ne na 20, ya hau a 2006. In kun bi ta filin wasa na Giginya, ka faɗa musu sunan yana tuna inda dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka tari sojojin Turawa ranar 15 ga Maris 1903.

Gidan tarihi na Waziri Junaidu, inda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da makaman da, ofishin gwamnati ne. Ka leƙa ranar aiki ka tambayi lokutan buɗewa, ka nemi wanda zai zaga da ku, kada ku je Asabar ku iske kwaɗo a ƙofa.

Autan kuwa dabbobi yake so, ba tarihi ba. Lahadi da safe ka kai su Kara su ga raƙuma da manyan shanu da jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Ka riƙe hannunsa, ku tsaya ta gefen gaba nesa kaɗan, kada ku bi ta bayan raƙumi ko sa. Ka nemi izinin mai dabba kafin a ɗauki hoto. Littafin nan da fensir da za su tafi da shi Abuja, a Kara za su buɗe shafin farko.